Tarkwa Bay: inda nake yarda yarana su shiga teku a Legas

Bakin teku ba ya wahalar samu a Legas. Daga Oniru ka miƙa Elegushi, ka zarce har Eleko, yashi ne da ruwa iya ganinka. Abin da ke wahala shi ne wurin da mutum zai shiga ruwan hankalinsa kwance. A yawancin wuraren nan tekun Atlantika ce kai tsaye ba shamaki. Gaɓar tana da gangara, taku kaɗan sai ka ji ƙasa ta ɓace maka, igiyar ruwa ta maka ka da yashi sannan ta ja ka ciki. Shi ya sa za ka ga jama'a sun biya kuɗin shiga sun zauna a inuwa suna kallo, iyakarsu su jiƙa idon sawu su koma. Kuma suna da gaskiya. A duk garin nan, Tarkwa Bay, wani bakin teku da ke kan tsibiri a mashigar jiragen ruwan Legas, ita kaɗai na samu inda nake barin yarana su shiga ruwa har ƙirji, ina tsaye kusa da su zuciyata ba ta dukan uku-uku.

Ni mutumin Argungu ne, a bakin kogi na tashi, kuma na daɗe ina zaune a Agege ina neman halalina. Ruwa ba baƙona ba ne. Don haka abin da zan faɗa game da wannan wuri na wanda ya shiga ruwan ne, ya kai iyalinsa a lokacin rani da na damina, ya ga daɗinsa ya kuma ga aibinsa.

Ba mota da ke kai mutum Tarkwa Bay, sai jirgin ruwa. Wannan shi ne babban abin da ya keɓe ta, ya hana ta cika irin cikar sauran wurare. Ana iya shiga jirgi a CMS ta wajen Marina, ko ƙarƙashin gadar Falomo a Ikoyi, ko a tashoshin da ke gefen titin Ozumba Mbadiwe a Victoria Island. Akwai ƙananan jirage masu inji a baya waɗanda 'yan Legas ke kira banana, akwai kuma masu rufi da suka fi tsada kaɗan. Idan da yara ko tsofaffi kake, ka ƙara kuɗin ka shiga mai rufi, domin ƙananan nan suna tsalle a kan ruwa, kuma feshin ruwan gishiri ba ya barin kowa. Tafiyar ba ta wuce minti 15 zuwa 20 ba, amma jiran jirgi ya cika yakan fi tafiyar tsawo a ranakun aiki. Kuɗin jirgi yana bin kuɗin fetur, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya yi ta hawa, saboda haka ka tambaya kafin ka sa ƙafa, ka kuma tabbatar ko kuɗin zuwa kaɗai ne ko har da dawowa.

Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa na jihar Legas ta wajabta sa rigar ceto, kuma a tashoshin da na bi ana ba kowa. Sai dai bayarwa daban, dacewa daban. Wata rana an miƙo wa ƙaramar 'yata rigar manya wadda igiyoyinta suka tsinke, na ce wa mai jirgin ba za mu tashi ba sai ya kawo daidai ita. Ya ɗan yi gunaguni, ya ce, "Alhaji, ai tafiyar ba nisa." Na ce masa ruwa ba ruwansa da nisa. Ya je ya nemo. Kada ka ji kunyar yin wannan, ka ɗaure rigar da kanka ka ja ta sama ka gani ko za ta zame ta kan yaron.

Hanyar kanta abin kallo ce. Jirgin yana bi ta mashigar da manyan jiragen dakon kaya ke bi su shiga tashoshin Apapa da Tin Can. Idan aka yi dace kuka haɗu da ɗaya, za ka ɗaga kai ka ga kwantenoni jere kamar ba za su ƙare ba, direbanku kuma ya rage gudu ya fuskanci igiyar da jirgin ya bari. A hagu dogayen benayen Eko Atlantic ne, a kan filin da aka cike da yashi inda bakin tekun Bar Beach yake a da.

Zancen Bar Beach ba ratse ba ne, domin abin da ya kashe ta shi ne ya haifi Tarkwa Bay. A farkon ƙarni na 20 yashi ya kan toshe bakin mashigar Legas, manyan jirage ba sa iya shigowa, sai su tsaya a waje a riƙa sauke fasinja da kaya cikin ƙanana. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jibge manyan duwatsu suka yi dogayen katangu da suka kutsa cikin teku, ɗaya a gabashin mashigar, ɗaya a yamma, da wata ta uku, ita ma ta ɓangaren yamma, mai saita gudun ruwa. A wannan gaɓar, teku tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da katangun suka tare hanya, sai yashi ya riƙa taruwa ta yamma, ita kuwa Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ta yi ta cin ta shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Tarkwa Bay tana zaune ne a lungu tsakanin katangu biyu na ɓangaren yamma. Igiyar da ta taso daga tsakiyar teku sai ta fara karo da duwatsu, ƙarfinta ya karye, kafin ragowar ta shigo lungun. Wato kwanciyar ruwan nan aikin hannun mutum ne, kuma iyakarta iyakar katangun. Wannan magana ita ce mafi muhimmanci a duk abin da zan rubuta, don wanda ya fahimce ta ya san inda zai shiga da inda zai ƙaurace wa.

Da ka sauka, mutane za su tare ka: mai karɓar kuɗin shiga, mai hayar rumfa da kujeru, mai kwakwa, mai son riƙe maka kaya. Ba faɗa ba ne, neman abinci ne, amma ka yi ciniki a fili kafin ka zauna, ka ji kuɗin rumfar na yini ne ko na awa, kujeru nawa ke ciki. Ka riƙe tsabar kuɗi, don tura kuɗi ta waya yakan ƙi tafiya idan sabis ya yi rauni. Ni nakan zaɓi rumfa ta tsakiyar gaɓar, inda zan iya ganin yara a ruwa daga zaune, nesa da masu manyan lasifika.

Ruwan iyo kuwa, a tsakiyar lungun, ya yi mini yadda nake so. Ƙasan yashi ne mai laushi, ba duwatsu, kuma zurfin yana ƙaruwa a hankali, sai ka yi tafiya mai ɗan tsawo kafin ya kai maka ƙugu. Ruwan da ɗumi kusan duk shekara, ba ya sa mutum rawar ɗari, sai wajen watan Agusta yakan ɗan yi sanyi. Da safe kafin iska ta taso ya fi kwanciya. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, saboda haka inda ya kai wa yaro gwiwa da hantsi yana iya kai masa wuya bayan azahar, alhali bai matsa ko'ina ba. Iyaye su lura da wannan sosai. Ka sa ido kan wata alama a gaɓa, ka riƙa duba yadda ruwan ke matsowa.

Ina da magana ta musamman ga 'yan uwana da suka koyi iyo a kogi ko tafki, mutanen Yawuri da Argungu da bakin Hadeja da sauransu. Ruwan gishiri yana ɗaga jiki fiye da na kogi, sai mutum ya ji ya yi sauƙi, ya ji kamar ya fi ƙarfin ruwan. Nan haɗarin yake. Kogi ka san inda ya dosa, kana ganin gudunsa da idonka. Teku kuwa tana turo ruwa gaɓa, ruwan nan dole ya nemi hanyar komawa, sai ya taru a wata siririyar hanya ya kwarara ciki da ƙarfi. Abin ban tsoro, wurin nan shi ya fi kama da wuri mai lafiya: igiya ba ta fashewa a cikinsa, ruwan ya fi duhu, ya yi lumus. In ka tsaya ka lura za ka ga kumfa da ledoji suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. A Tarkwa Bay irin wannan jan ruwa ya fi yawa a jikin duwatsun katangu. Idan ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya za ka yi, kuma gajiya ce ke kashe gwanaye. Ka saki jiki ka yi rigingine, ka ɗaga hannu a gan ka, sannan ka yi iyo a gicciye, ka bi tsawon gaɓar har ka fita daga hanyarsa, kana ka juyo. Na koya wa yarana wannan a kan yashi kafin su taɓa ruwa, kuma duk zuwa sai na sa sun maimaita mini.

Kada kuma ka dogara da cewa akwai ma'aikacin ceto da ke zaune yana kallonka. A zuwan da na yi, waɗanda na ga suna lura da masu iyo da gaske su ne samarin da ke wasan hawan igiyar ruwa a kan allo. A gabana ɗayansu ya ga wani baƙo ya fara nisa kusa da duwatsu, ya tuƙa allonsa ya je ya ba shi ya riƙe, suka fito tare ba hayaniya. Allah ya saka musu, amma ba aikin da aka ɗauke su ba ne, kuma ba kullum suke ruwa ba.

Idan ka bi yashi ka tsallaka katangar yamma, za ka faɗa wata doguwar gaɓa da ake kira Lighthouse Beach, saboda tsohuwar hasumiyar haska wa jirage hanya da ke wurin. Tana da kyau matuƙa, ba kowa, ga faɗi, ga iska. Ka je ka yi tattaki ka sha kallo. Amma ban yarda kowa nawa ya shiga ruwanta ba, ni ma ba na shiga. Can babu katangar da ta tare komai, igiyar tana faɗowa da dukkan nauyinta a kan gaɓa mai gangara, kuma in wani abu ya faru ba mai jin ihunka. Tsakaninta da inda yara ke wasa tafiyar 'yan mintuna ce kawai, shi ya sa baƙi ke ruɗuwa su ɗauka duk ruwa ɗaya ne.

Hawan igiyar ruwa, wanda yaran wurin ke kira sofin, shi ne abin da ya ja babban ɗana har ya hana ni sakat. Da farko ban so ba. Da na zauna na kalli yadda suke koyarwa sai na sauko. Malaminsa saurayi ne ɗan tsibirin, siriri, mai haƙuri. Bai kai shi ruwa ba sai da ya shimfiɗa allon a kan yashi, ya nuna masa yadda zai kwanta rub da ciki a tsakiya, yadda zai tuƙa da hannuwa, da yadda zai miƙe tsaye a motsi ɗaya ba tare da ya durƙusa kan gwiwa ba. Allon masu koyo babba ne, an lulluɓe shi da soso, ko ya bugi mutum ba ya jin ciwo sosai, kuma akwai igiya da ake ɗaurewa a idon sawu don kada ya gudu ya bar mai shi. Da na ga yaron kwance a kai yana tuƙi da hannu biyu, masuntanmu na kogin Matan Fada a Argungu suka faɗo mini a rai, yadda suke kifa ciki a kan gora su ratsa kogi. Bambancin shi ne masunci yana neman inda ruwa ya kwanta, wannan kuwa yana jiran inda zai tashi.

Masu koyo ba sa zuwa inda igiya ke fashewa. Suna tsayawa ne inda ruwa ya kai ƙugu, su hau farin kumfan da ya rage bayan ta fashe, malamin yana riƙe da bayan allon yana turawa a daidai lokaci. Ɗana ya faɗi ya fi a ƙirga, ya sha ruwan gishiri, idanunsa suka yi ja. Can sai ga shi tsaye, hannuwa a buɗe, kumfa na ɗauke da shi har bakin yashi, yana ihu, "Baba, ka gani? Baba, ka gani?" Na gani. Kuɗin da na biya na wannan darasi yana cikin waɗanda ban taɓa jin zafinsu ba.

Gwanayen kuwa suna can kusa da katanga. A wurin igiya takan doki duwatsu ta dawo, ta haɗu da wadda ke biye da ita, su tashi tare su yi tsini, kuma wannan tsinin suke jira. Yana tashi da sauri, gajere ne, ba ya ba da lokacin tunani. Za ka ga yaro ɗan shekara goma sha wani abu, da tsohon allo da aka yi wa faci, ya miƙe a kai ya yanka ta gefe ya juya kamar ba komai. Suna da ƙa'idarsu: wanda ya fi kusa da inda igiyar ta fara fashewa shi ke da ita, sauran su janye. Baƙon da ya iya wasan zai ji daɗin wurin in ya mutunta wannan ƙa'ida ya gaida mutane. Wanda bai iya ba kada sha'awa ta kai shi can, duwatsun suna da kaifi, jan ruwan ma a nan ya fi ƙarfi.

Lokaci yana canja komai. Da damina, daga wajen Mayu zuwa Satumba, guguwar lokacin sanyin kudancin Atlantika ce ke turo manyan igiyoyi har gaɓarmu. Wannan ne lokacin gwanaye, kuma a irin ranakun nan ko tsakiyar lungun yakan yi ƙarfin da ba na barin ƙanana su wuce gwiwa. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan ya fi kwanciya, shi ne lokacin masu iyo da masu koyo da iyali. In hunturu ya sauko Legas wajen ƙarshen Disamba da Janairu, iska takan huro daga tudu da safe ta gyara fuskar igiyar ta yi santsi, hazo kuma ya rage zafin rana.

Ba zan yi maganar samarin nan in tsallake abin da ya same su ba. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay, dubban mutane, aka rushe gidaje, bisa zargin fasa bututun mai da ke bi ta yankin daga ma'ajiyar mai ta Atlas Cove. Fasa bututu laifi ne, wanda ya yi a kama shi. Amma kwashe gari guda, da mata da yara da tsofaffi, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, abu ne da har yau yake taɓa mini zuciya in na taka wurin. Da yawa daga yaran da ke koyar da baƙi a nan aka haife su, tekun nan ita ce makarantarsu da kasuwarsu. Wasan da suke yi ba shirme ba ne, ya shiga gasar Olamfik a karon farko a Tokyo a 2021. In da za a tallafa musu da alluna da horo, ina da yaƙinin za a ji sunan Najeriya. Don haka in ka ɗauki ɗayansu ya koya wa ɗanka, kada ka matse shi a ciniki kamar kana sayen tumatir a Mile 12. Ka biya shi haƙƙinsa, in da hali ka ƙara.

Aibin wurin na farko shara ce. Duk abin da Legas ta zubar a kwata yana gangarowa tafkin birnin, ya fito ta wannan mashiga, kuma lungun da ya tare igiya yana tare shara ma. Bayan ruwan sama mai ƙarfi za ka tarar da robobi da ledojin fiya wata da tsofaffin silifa jere a bakin ruwa, wani lokaci leda ta naɗe maka ƙafa kana cikin iyo. Wajen ƙarshen shekara kuma ciyawar ruwan nan mai kama da kainuwa takan biyo. Masu rumfuna suna share gabansu, ƙungiyoyin sa kai ma sukan zo kwashewa, amma washegari teku ta kawo sabuwa. Ni dai in an yi ruwa mai yawa nakan bari a kwana biyu kafin in kai yara, kuma mai rauni a jiki ba na barinsa ya shiga. Na biyu banɗaki da wurin wanka: akwai na biya, amma tsabtarsu ba ta kai yadda mace mai kamun kai za ta sake ba. Mukan tafi da jarkar ruwan daɗi don ɗauraye jiki, da babban zane da za a kare mutum ya canja kaya.

Ranakun Asabar da Lahadi da na hutu wurin yana sauya kama. Kiɗa ta ko'ina, ana shaye-shaye, ga shigar da ba kowane magidanci zai so iyalinsa su zauna a ciki ba. Wanda ke neman keɓewar da aka san Tarkwa Bay da ita ya zo tsakiyar mako da safe, zai samu gaɓar kusan tasa ce shi da masunta. Maiɗakina a irin wannan lokaci take yarda ta shiga ruwa. Shawararta ga mata ita ce a sa dogon wando da riga mai dogon hannu marasa nauyi, da ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai. Dogon hijabi ko zane in ya jiƙe yana yin nauyi, yana naɗe ƙafafu, kuma igiya na iya rufe fuska da shi.

Abinci akwai gasasshen kifi da tsire da kwakwa da lemo, kifin yana da daɗi in ka tsaya aka gasa a gabanka, sai dai komai ya fi tsadar cikin gari tunda da jirgi ake kawo shi. Mu mukan dafo namu daga gida, mu sayi kwakwa da kifi a wurin don masu sana'ar su ma su samu. Salla ba ta da wahala. Malamai sun karantar da mu cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, sai ka nemi inda ba shara. Ka tafi da darduma, alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa, yashi kuwa ga shi nan ko'ina.

Ka karɓi lambar mai jirgin da ya kawo ka, ku yi alkawarin lokacin dawowa tun kafin ya juya. Da la'asar kowa yake son tafiya lokaci guda, jirage su cika, wasu direbobi su nemi ɗora fiye da ƙima. In ka ga jirgi ya nutsa har ruwa ya kusa bakinsa, ka bari ya tafi ka jira na gaba. Ni da na idar da la'asar nake tattara yara, domin mashigar nan ta manyan jirage ce, ƙananan kuma ba duka ke da fitila ba, kuma ba na son magariba ta same mu a kan ruwa.